Taɓon da Aka Wanke

Coliumo, 2 ga Agusta, 1998

Gwaggo Maritza,

Ina gaishe ki daga kan teburin kicin, inda Kaka ta ture mini kwanon albasa gefe don in sami wurin rubutu. Ya jikinki, ya aiki? Mu nan lafiya lau. Gwiwar Kaka ce dai ba ta shiri da ruwan sama, ruwan kuwa bai ɗauke ba tun ranar Talata. Tarin Baba ya yi sauƙi. Kaka ta ga hoton da kika aiko, ta ce in gaya miki kin rame, kuma wannan askin na maza ne.

Ni dai hoton ya yi mini kyau, na daɗe ina kallonsa. Wane ne dogon nan mai gemu da ke tsaye a bayanki, wanda hannunsa ya kusa taɓa kafaɗarki? Ba sai kin faɗa ba in ba kya so. A littafin da na karɓo musaya a garin Tomé makon jiya, haka mutumin ya yi ta tsayawa a bayan yarinyar har shafi na casa'in kafin ya buɗe baki. Ni ma da ni ce shi, da haka zan yi. Ranar Alhamis malamin lissafi ya kira sunana, na san amsar sarai, amma na tsaya ina kallon takalmina har ya gaji ya kira wata.

Ga wani labari da zai ba ki dariya. Shekaranjiya Baba ya dawo daga teku yana ta faɗa, wai ragarsa ta fito cike da estopa, abin nan mai kama da tsumman goge inji, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce ruwan ɗumin da ya zo bara ya kore mana kifi, alheri ɗaya da ya yi shi ne ya kashe wannan ƙazantar, ga ta kuma ta dawo. Da zai shiga wanka ya waiwayo ya ce mini, "Ki rubuta wa likitar taɓo, ki ce 'ya'yanta sun dawo, ta zo ta kwashe abinta."

Ke yake nufi. Wannan ne karo na farko da na ji ya ambace ki tun rasuwar Kaka Aladino, mahaifinku, ko da zolaya ne. Shi ya sa na rubuta miki shi yadda ya faɗa.

Yaushe za ki zo? Ina da shekara tara kika tafi, yanzu ina da sha biyar. Na fi Kaka tsawo.

'Yarki,
Yasna


Bremen, 14 ga Agusta, 1998

Yasna 'yata,

Lafiyata ƙalau, ki gaya wa Mama ina cin abinci, ta shafa wa gwiwar man nan mai zafi. Mai gemun sunansa Torben, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma abin da hannunsa ke nema a hoton shi ne kofin shayinsa. Yi haƙuri.

Wasiƙarki a tsaye na karanta ta, sau uku. Zauna ki ji.

Estopa ba tsumma ba ce, ba kuma ciyawa ba. Kowane silin da kike gani kube ne, kamar kuben wuƙa, a cikinsa kuma akwai fararen zaruruwa masu rai. Ƙwayoyin halitta ne, irin waɗanda ido ba ya gani, sai dai su waɗannan sun yi girman da ake ganinsu. Suna zaune a taɓon ƙasan teku, su leƙo sama su ɗebi abin da suke buƙata a ruwa, su koma ƙasa su ci gubar da ke sa taɓon wari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina binsu.

Aikina a nan zai ƙare a Disamba. Akwai jirgin bincike da zai je gaɓarmu a watan Maris, kuma na nemi a ba ni kwana goma a cikinsa. Idan na samu, za a sabunta mini aiki, in riƙa zuwa gida kowace shekara. Idan ban samu ba, akwai wani kamfanin madara a kudancin ƙasar nan da ke neman mai duba tsabtar tankuna, can zan nufa, kuma ban san ranar da zan ƙara ganin tekunmu ba. Kwamitin da ke raba kwanakin ya ce ruwan ɗumi ya kashe su duka, abin da masunta ke gani kube ne kawai, fanko. Sun ba ni zuwa 15 ga Oktoba in kawo shaidar cewa akwai masu rai.

Ga roƙona. In ragar ta sake fitowa da ita, ki ɗebi kamar cikin cokali uku, ki zuba a kwalba mai tsabta. Ki sayi formalin, ruwan maganin da ke hana abu ruɓewa, a kemis ɗin Tomé, kashi ɗaya nasa, kashi tara ruwan teku, ki cika kwalbar, ki liƙe murfin da kakin kyandir. Kada ya taɓa miki ido. Ki rubuta rana da zurfin wurin.

Ban rubuta wa babanki Beto ba don na san ba zai buɗe ba. Ke kaɗai gare ni a can.

Gwaggonki,
Maritza


Coliumo, 30 ga Agusta, 1998

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, rana ma ta fito kwana biyu, Kaka ta fita har bakin ruwa da ƙafarta.

Ga shi na aiko, yana cikin takardar nan mai laushi. Ki buɗe a hankali.

Ranar da wasiƙarki ta iso ban iya cin abinci ba. Na yi ta maimaita layin nan na ƙarshe a raina, cewa ni kaɗai gare ki. Ba a taɓa ce mini haka ba. Washegari na je inda mata ke tsince raga, na yi kamar ina taya su, na cusa estopa cikin aljihun rigar sanyina. Duk hanya karnuka suna bina.

Da Kaka ta ji warin ta kusa korata waje. Na karanta mata abin da kika ce. Ta ce ita dai tana raye ba za a aika wa Jamusawa baƙin taɓo mai ɗoyi daga gidanta ba, su buɗe a ofis su ce haka mutanen Chile suke. Ta ce shekara hamsin tana tsintar luga, ciyawar tekun da muke sayarwa, ba ta taɓa miƙa wa mai saye ko tafi ɗaya da yashi a jiki ba. Kuma ai ke da kanki kin ce mai tsabta. Na ga gaskiyarta. Kwalba kuma tana iya fashewa a hanya.

Sai muka yi masa yadda ake yi wa luga, har ma fiye. Ruwan famfo sau bakwai, Kaka tana murzawa ina tacewa da tsohon mayafinta, har ruwan ya fito garau, ko ɗigon taɓo babu. Muka shanya a kan waya. Da ya sha iska na shimfiɗa shi a tsakiyar littafina, na ɗora dutsen guga a kai kwana biyu, kamar yadda 'yan matan cikin littattafai ke adana furen da aka ba su. Dubi yadda ya yi kyau, kamar leshi. Ba ya wari ko kaɗan.

Zurfin wurin gaba arba'in ne. Ban tambayi Baba ba, Don Segundo abokin fitarsa na tambaya, shi ma sai da na yi kwana guda ina shirya maganar.

Na fara share ɗakinki. Maris ba nisa.

Yasna


Bremen, 11 ga Satumba, 1998

Yasna,

Ina fata kuna lafiya. Saƙon ya iso yau.

Ruwan famfo yana fasa su nan take. Abin da ya rage a takardar kube ne fanko, wato daidai abin da kwamitin ke cewa. Taɓon da warin su nake nema. Yadda ya fito daga teku, haka nake son sa.

Kada ki damu. Laifina ne da na ɗora wa yarinya wannan aikin.

Na kira wayar unguwarku da ke kantin Doña Fresia sau biyu, layin ba ya shiga. Zan sake kira ranar Lahadi 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yammarku. Ki tsaya kusa da wayar.

M.


Coliumo, 28 ga Satumba, 1998

Gwaggo Maritza,

Ina gaishe ki, in har kina son gaisuwata. Kowa lafiya. Ni ce dai ban san yadda nake ba.

Jiya ina nan lokacin da wayar ta yi ƙara. Ina bayan kantin, tsakanin akwatunan lemo, ina jin Doña Fresia tana ƙwala mini kira har unguwa ta ɗauka. Na kasa fitowa. Mutum shida ne a kantin, duk sun bar sayayya sun juyo, kuma na san abin da za ki ce, tunda kin riga kin rubuta shi. Yarinya. Ko sunanki ba ki ƙarasa ba a ƙasan takardar. A aljihuna take tun ranar Laraba, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Kaka ce ta karɓi wayar, kin kuma san kunnenta. Da na tambaye ta me kika ce, sai ta ce muryarki ma ta rame.

Ban ce mata wankin ne ya ɓata ba. Har yanzu tana gaya wa maƙwabta yadda Jamusawa za su yi mamakin tsabtarmu.

Na sayi formalin tun ranar Alhamis. Kwalbar zuma ce, na tafasa ta. Amma tun bikin 'yancin kai na sha takwas ga wata babu wanda ya fita kirki, kwana uku ana rawa da cin empanada, burodin nan mai nama a ciki, aka gama sai iskar arewa ta taso, hukumar ruwa ta hana fita. Jiragen duk suna kan yashi a kife. Sau goma nake leƙa taga a yini. Na ɗauki littafi, na karanta shafi guda sau huɗu ban san me ya ce ba, na ajiye. A makaranta ina lissafin kwanaki a bayan littafin tarihi: in an fita ranar Alhamis, in gidan waya ya yi sauri, in jirgin sama bai tsaya ko'ina ba.

Ga wata matsalar. Wadda ake samu a raga a bakin gaɓa ta riga ta sha ɗauraya, don Baba yana jan ragar cikin ruwa kafin ya shigo. Mai taɓon tana fitowa ne a jikin anga, a can tsakiyar teku, shi kuma nan take yake kankare ta ya watsar. Dole shi zan roƙa. Na gwada a wurin shan shayi, da ƙyar na haɗa jimla biyu. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce shi masunci ne, ba zai sauko gaban mutane da bokitin taɓo ba saboda wadda ba ta zo ta zuba ƙasa a kabarin ubanta ba.

Na san kina cikin jirgi a tekun Afirka a lokacin, kin rubuta mini. Shi ma ya sani.

Idan kika tafi kamfanin madarar nan, ni na kai ki.

Yasna


Coliumo, 5 ga Oktoba, 1998

Gwaggo,

A tsaye nake rubutu a gidan waya na Tomé, ki yi haƙuri da hannun. Muna lafiya.

Iskar ta kwanta ranar Juma'a. Asabar da asuba na bi Baba bakin ruwa da bokitin fenti mai murfi. Maza sun fi ashirin suna tura jirage. Na sha gabansa na tsaya. Don Segundo ya ce, "Beto, 'yar bebiyarka ta zo raka ka." Aka yi dariya.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Baba, ni na lalata na farko. Ba don ita za ka yi ba. Ni ce ba zan iya zama da abin ba."

Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in koma gida sanyi zai kama ni. Bokitin kuwa na riga na jefa shi cikin jirgin, bai kuma fitar da shi ba.

Da azahar suka dawo. Ya sauke kifi, ya wanke jirgi, ya tsaya hira, bai ko kalli inda nake ba. Sai da muka kama hanyar gida, mun wuce coci, ya buɗe rigar ruwansa. A ƙarƙashinta ya ɓoye bokitin, ya rungume shi a ciki kamar mai ciwon ciki. Ya ce, "Karɓi. In kika gaya wa Segundo, ke da littattafan nan naki sai dai ki ji labarinsu."

Baƙi ƙirin, Gwaggo, yana ɗoyi, ban taɓa murnar jin wari irin haka ba. Kafin in zuba maganin na sa kaɗan a faranti da ruwan teku na kai taga. Akwai fararen zaruruwa siraran gaske a bakin kuben, kamar furfurar Kaka. Na ƙura musu ido har wuyana ya ƙage, kuma ina jin sun ɗan ƙara fitowa. Ko idona ne, ban sani ba.

Ban wanke komai ba. Na kulle ƙofa don kada Kaka ta shigo. Gaba arba'in da biyu, 3 ga Oktoba. Matar gidan wayar ta ce kwana goma, wataƙila sha biyu. Na ce mata goma nake so, ta ce ba ita ke tuƙa jirgin ba.

Yasna


Bremen, 21 ga Oktoba, 1998

Yasna 'yata,

Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Zan fara da abin da ya fi wuya, don na san za ki tsallake layuka kina nemansa.

Kwalbar ta iso ranar Litinin, 19 ga wata. Kwamitin ya zauna ranar Alhamis ɗin da ta wuce. An ba wasu kwanakin. Na kai musu duk da haka, shugabansu ya duba, ya ce abin sha'awa ne, in sake nema bayan shekara biyu.

Kiran da na yi, so nake in ce ki kai saƙon birnin Concepción wurin masu aikawa da gaggawa, kwana huɗu yake yi. Na yi ta faɗa wa Mama, ita kuma tana tambayata ko ina cin nama. Na gaya miki wannan ne don kada ki ji shi a bakin wani, ba don ki ɗauke shi ki ɗora a kai ba. Wasiƙata ta Satumba ce ta kore ki daga wayar. Na rubuta ta minti goma bayan na buɗe takardarki. Da na ce yarinya, kaina nake zagi, ni da na saka ki tsakanina da yayana. Leshin naki yana nan, na manna shi a bango saman teburina.

Yanzu sauran. Na yanka kube ɗaya na sa a madubin bincike. Yasna, cike yake. Na ƙirga zare talatin da ɗaya a cikinsa, lafiyayyu, kowane da ɗigon farar wuta a jiki, alamar suna cin abinci har ranar da Beto ya ɗago su. Na yanka ashirin, sha bakwai a cike. Ba idonki ba ne, motsi suke yi. Torben ya leƙa ya yi wata ashar da ba zan fassara miki ba.

Suna dawowa, kuma babu wanda ya taɓa ganin yadda suke dawowa bayan ruwan ɗumi. Nan da shekara biyu an gama, babu abin gani. Jiya na rubuta wa kamfanin madara na ce su nemi wani. Wata tsohuwar malamata a Concepción za ta ba ni aji biyu in koyar da kusurwar teburi. Torben zai ara mini ƙaramin ƙarfen ɗibar taɓo. Abin da ba ni da shi jirgi ne, wanda zai kai ni wuri ɗaya sau ɗaya kowane wata har shekara, da mutumin da ya san wurin ba tare da taswira ba. Mutum ɗaya ne ya san shi. In ya ƙi, babu amfanin in sayi tikiti.

Ga takarda a rufe, tasa ce. Na sake saka ki a tsakiya, na sani. Wannan karon miƙawa kawai za ki yi.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Maritza


Coliumo, 8 ga Nuwamba, 1998

Gwaggo Maritza,

Gaisuwa daga mu duka. Kaka lafiya, zafi ya fara, gwiwar ta saki. Na yi kuka da na karanta farkon wasiƙarki, na sake yi da na karanta ƙarshenta, sannan na tuna akwai ta Baba.

Na miƙa masa ranar Talata. Ya juya ta gaba da baya, ya tura ta ƙarƙashin gwangwanin sukari. Kwana uku tana nan. Duk wanda zai sha shayi sai ya ɗaga gwangwanin ya mayar a kanta. Na daina cin abinci a teburin don ba na iya kallonta. Ranar Juma'a Kaka ta ce in bai buɗe ba za ta kai wa Doña Fresia ta karanta mata da ƙarfi a kanti. Ya sa ta a aljihu ya fita. Ya dawo ya kwanta, jiya da safe ya fita kamar kullum. Na yi ta kallon fuskarsa ina neman alama, amma fuskar Baba ba irin ta mutanen littafi ba ce, ba ta nuna komai.

Jiya da yamma Kaka ta aike ni in kira shi. Na same shi a cikin jirgin a kan yashi, ya kafa wani katako mai kauri a baya, ya leƙa da shi kan ruwa, yana ɗaure masa ƙaramar gargarar jan igiya. Don Segundo yana zaune a kan akwatin kifi yana ba shi haushi, wai mace a jirgi kifi zai gudu. Baba ya ce wane kifin, wanda ya gudu tun bara?

Ya ci gaba da ɗaure ƙusa, ya gwada katakon da nauyin jikinsa, ya sake ɗaurewa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In za ki rubuta wa likitar, ki tambaye ta ƙarfen nan nata kilo nawa ne, kada in sa igiyar da za ta tsinke. Ki kuma ce mata ƙarfe biyar nake fita. Ba na jiran kowa."

To, kilo nawa ne? Ki amsa da wuri, ya ce ranar Asabar 21 ga wata zai shiga Tomé sayen igiyar, na ce masa wasiƙa ba ta zuwa ta dawo a mako biyu. Ya ce ai akwai waya a kantin Doña Fresia.

Ki kira ranar Juma'a 20 ga wata, ƙarfe huɗu. Shi zai ɗauka.

'Yarki,
Yasna